Daga Anchau zuwa Katabu: kuɗin da suka yaƙi ƙudan tsando

Duk lokacin da asusun TETFund ya buɗe ƙofar neman tallafin bincike, akan ji masu ɗaukar haɗa masana daga fannoni daban-daban a matsayin sabon yayi da aka kwaso daga waje. Mutumin Kaduna bai kamata ya faɗi haka ba. A Unguwar Rimi akwai cibiyar binciken sammore da ciwon barci, NITR, wadda tun kafuwarta aka gina ta a kan cewa likitan mutane da likitan dabbobi da masanin ƙwari ba mai iya aikin shi kaɗai. Tarihinta na nuna cewa abin da ke haɗa masana shi ne kuɗin da ke daɗewa a kan matsala ɗaya, a wuri ɗaya.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa Arewa mummunar ɓarna, musamman ƙasar Zazzau, inda ayarin ma'aikatan lafiya ƙarƙashin Dakta Lester ke bi gari gari suna taɓa wuyan mutane suna yi musu allura. A 1937 Ingila ta ba da fam 95,000 na shekara biyar daga asusunta na raya ƙasashen da take mulka, wani kaso kuma ya tafi Anchau. Wanda ya riƙe aikin Anchau, T.A.M. Nash, masanin ƙwari ne da ya zo daga Tanganyika a 1933. Ya fahimci cewa ƙudan tsandon bakin rafi, mai yaɗa cutar, inuwa da laima yake bi, don haka ba sai an share daji duka ba, sassabe bakin ruwa ya isa. Amma sassabe na bukatar jama'a da yawa da za su riƙa maimaita shi kowace shekara, mutanen kuwa a warwatse suke cikin ƙananan ƙauyuka. Daga nan maganar ƙuda ta zama maganar ƙasa da ruwa: sai an auna yawan gonar da za ta ci da gida, sai an haƙa rijiyoyi, sai an duba lafiyar shanu. Aka tayar da dubban mutane, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

A nan ne masana tarihi suka rabu. Wasu na cewa allura ce ta karya annobar, Anchau kuwa gwaji ne mai tsada da aka yi don a riƙa nuna wa baƙi. Wasu na ganin sassaben ne ya yi aikin. Hujjar masu allura ba ta da rauni, domin cutar ta ja baya har a yankunan da ba a tayar da kowa ba. Sai dai magungunan wancan zamani, irin su tryparsamide, na iya makantar da mutum, kuma wanda aka warkar, in ya koma ɗiban ruwa a rafin da ƙudan yake, cizo na jiransa. Allurar mutane kuma ba ta yi wa makiyayi maganin sammore. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne allura ta sauko da annobar, gyaran muhalli ya hana ta komawa inda aka yi shi.

Akwai suka mafi nauyi, kuma gaskiya ce. Bature bai kashe kuɗin nan don tausayi kawai ba. Yana bukatar lebura a ma'adinan kuza na Jos, yana bukatar jangali da haraji. Talakan da ya bar kufan kakanninsa ba a nemi yardarsa ba, sassaben kuma da gumin aikin tilas aka yi shi, gumin da ba ya cikin lissafin fam 95,000. Wannan aibi ne na mulkin da ya yi aikin, kuma bai kamata a rufe shi ba. Amma bai rushe abin da tsarin kuɗin ya nuna ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa cibiyar a Kaduna a matsayin ta Afirka ta Yamma, da reshe a Vom, Kanar Mulligan na shugabanta. Ingila ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, Najeriya da Ghana ta yau da Saliyo da Gambiya suka cika sauran. A bakin rafi kusa da Katabu, Nash da abokin aikinsa Page suka shafe shekaru ana kama ƙuda ana ƙirgawa, rani da damina, suka buga sakamakon a 1953. Samarin da suka riƙa kama ƙudan da ɗan raga, su ne idon binciken, ko da yake takardar sunan Turawa biyu take ɗauke da shi. Tallafin shekara ɗaya ba zai taɓa haifar da irin wannan sani ba, domin damina ɗaya ba ta bayyana halin ƙuda.

Da ƙasashen suka fara samun 'yanci, kowa ya janye hannunsa daga asusun haɗin gwiwar, a 1964 cibiyar ta zama ta Najeriya ita kaɗai. Daga baya aka ƙara mata binciken cutar makantar bakin rafi. Yau tana ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya ta tarayya, dokar TETFund ta 2011 kuwa manyan makarantu ta ambata, ba cibiyoyi irinta ba.