Wankin Kai Tun Daga Zamanin Iya

Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana, wata yarinya ce 'yar maƙwabtanmu da ta shigo gaishe ni ana saura wata ɗaya bikinta. Muna cikin hira sai ta zame ɗankwalinta ta ce, "Anti, dubi kaina." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gaban goshin duk ya cinye, tsakiyar kan ga ɓawon ƙuna, ɗan abin da ya rage kuwa ya yi ja ya bushe kamar gemun masara. Na ce, "Ke, me ya same ki haka?" Ta ce shamfo ta sa har sau biyu cikin wata guda, wai tana son nata ya sauko kamar na yarinyar nan ta cikin littafina.

Na rasa bakin magana. Ni ce dai da hannuna na rubuta cewa gashin yarinyar ya zubo har gadon baya, baƙi wuluk yana sheƙi, kuma kusan dukkanmu marubuta haka muke yi, ba a taɓa yin tauraruwa mai ɗan guntun gashi ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa faɗin da me take wanke shi ba.

Kafin na yi nisa bari mu warware wani rikici. A bakinmu in mace ta ce ta sa shamfo, sau da yawa man nan take nufi mai miƙar da gashi, wanda ake cewa rilaksa. Alhali shi shamfu na ainihi sabulun ruwa ne na wanke kai, ba ya miƙar da komai. A ganina da yake a kwali ɗaya suke zuwa, shi ya sa sunan ɗaya ya hau kan ɗaya. To na wankin nake nufi in na ce shamfu, na miƙarwar kuma zan kira shi rilaksa.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, a wani ƙauye kusa da Getso ta ƙasar Gwarzo aka haife ta, aure ya kai ta Kabo. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa kwalbar kanti a kanta ba, kuma da furfurarta da komai in ta tsefe sai ya rufe mata wuya. In an yi mana hutu aka kai mu wajenta, ranar wankin kai rana ce guda, ba a haɗa ta da wani aiki. Tun da safe za ta jiƙa busasshen karkashi a ruwan ɗumi, ta ɗan jefa kanwa kamar ƙwayar gero biyu, ta bar shi ya yi yauƙi. Sai ta zaunar da ke tsakanin ƙafafunta ta tsefe kitson da tsinke, daga jela zuwa sama, ba gaggawa. Ta cuɗa fatar kan da ɗan sabulun salo, ta ɗauraye, sannan ta kwarara yauƙin nan tana bi da yatsu har gashin ya warware da kansa. Mataji ba ya zuwa sai a ƙarshe. Kafin kan ya gama bushewa ta bi shi layi-layi da man shanu wanda ta saya a wajen matan Fulani masu tallan nono, ta daka kanumfari ta zuba don ƙarni. In man shanu ya yi tsada ta koma man kaɗanya ko alayyadi. Da la'asar makitsiya ta zo.

Mu a lokacin kuka muke yi, muna cewa miya aka zuba mana a ka.

Ruwa ma ba kowanne take yarda da shi ba. Rijiyar gidan tana da zartsi, saboda haka da damina takan tari ruwan indararo ta ajiye a randa ta musamman. Sai da na girma na gane hikimar: ruwa mai zartsi in ya haɗu da sabulu ba ya kumfa sosai, sai ya bar wani farin dauɗa ya manne wa gashi ya sa shi tauri.

Kula da kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, kuma cikin abin da ya rubuta har da yadda ya ga mata suna rina gashinsu da girarsu da shuni. Iya ma ta tarar da wannan, ta ce a ƙuruciyarta amarya ba ta cika ba sai an yi mata doka an shafe ta da shuni da mai, har ya riƙa ɓata matashi. A addini kuwa maganar ta fi haka daɗewa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa an koya wa mata yin wankan haila da ruwa da magarya tare da cuɗa kai sosai har ruwa ya kai tushen gashi, kuma Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tambaya a kan kitsonta a wankan janaba, aka ce ba sai ta tsefe ba, ta kamfata ruwa sau uku ta zuba. Kinga ashe kitso da wankin kai sun isa a tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kansu.

Shi kuwa shamfu, sunan ma daga Indiya ya fito, kuma asalin ma'anarsa tausa. Wani mutumin garin Patna, Sake Dean Mahomed, shi ya buɗe gidan wanka da tausa a garin Brighton na Ingila wajen 1815, kalmar ta ƙara yaɗuwa a bakin Turawa, a hankali ta koma nufin wanke kai. Amma abin da suke wankewa da shi sabulu ne kamar kowa. A 1927 kamfanin Schwarzkopf na Jamus ya fito da na ruwa a kwalba, sannan a shekarun 1930 aka yi Drene a Amurka, wanda ba sabulu ba ne sam, sinadari ne da ke kumfa ko a ruwa mai zartsi. Daga shi ne duk waɗannan na kanti suka samo asali. Rilaksa ma daga Amurka ya zo. Wani baƙar fata, Garrett Morgan, yana neman maganin da zai hana allurar keken ɗinki ƙona yadi, sai ya ga maganin yana miƙar da gashi, ya kafa kamfaninsa a 1913. Ki duba fa, abin da aka haɗa don allurar keke.

A nan gida sabulun kanti ya riga shamfu isowa da nisa, don tun a shekarun 1920 kamfanin Lever Brothers ke yin sabulu a Apapa ta Ikko. Abin da ya juya mana tunani kuwa, in kin tambaye ni, finafinan Indiya ne. Tun shekarun 1950 ake nuna su a silimun Kano, daga baya talabijin da bidiyo suka shigo da su har tsakar ɗakin matan kulle. Mace na zaune ta ga wata na waƙa cikin furanni iska na kaɗa mata gashi, ta shafa nata kan ta ji kitso. Mahaifiyata ta ce lokacin da ta yi makarantar kwana, duk wadda ta dawo hutu daga birni da miƙaƙƙen gashi ita ce 'yar gayu, mai warin man shanu kuma a kira ta baƙauya. Haka aka bar karkashi a miya kaɗai.

Sai kuma ga tsarin SAP na gwamnatin Babangida a 1986, naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. An riga an raina na Iya, na kantin kuma ya fi ƙarfin aljihu. Nan ne mata da yawa suka koma wanke kai da garin sabulun wanki da sabulun soda, a sayi rilaksa na awo a ƙulle a leda, ba suna ba kwali. Hukumar NAFDAC sai a 1993 aka kafa ta, kuma sai zamanin Dora Akunyili, daga 2001, talaka ya koyi juya kwalba yana neman lamba. Ni kaina ina 'yar shekara 16 aka sa mini irin na ledar nan ana gobe Sallah, mai sawar ta ce in daure, wai zafin shi ne alamar yana ci. Ya kuwa ci. Har yau akwai wani wuri bayan kunnena na hagu da gashi bai sake fitowa ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jere kamar na kifi. Abu mai kaifi irin su kanwa da toka da soda yana buɗe ɓawon, abu mai ɗan tsami kuma yana kwantar da shi. A ma'aunin da masana ke kira pH, gashi da fatar kai suna wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulu yana 9 zuwa 10, rilaksa kuwa yana haura 12, don mai ƙarfin cikinsa sodar nan ce dai da ake haɗa sabulu da ita. Ga shi namu gashin a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har jela, shi ya sa mai dogon gashi ta fi kowa kukan bushewa. Ki haɗa da hunturun Kano, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Sabulun salon Iya ma yana da kaifi, kada a ce na ɓoye, amma ɗan kaɗan take sawa, a fata kawai, kuma yauƙi da mai suna biye da shi nan take. Mu kuwa muka riƙe kaifin muka yar da sauran.

Akwai kuma abin da ya fi karyewar gashi. A 2022 wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata sama da 33,000, ya nuna masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun ninka waɗanda ba sa sawa haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa, wajen kashi 4 cikin 100 a kan ƙasa da kashi 2. Binciken bai ce ga sinadarin da ya jawo ba, amma ni dai tun da na ji na hana a sa wa 'yata.

To 'yar uwa, in za ki sayi shamfu kada hoton matar da ke gaban kwalbar ya ruɗe ki, juya bayan. Ki ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa tukuna. Kayan haɗin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In kin ga sodium lauryl sulfate yana biye da ruwa, wannan mai ƙarfi ne, ya fi dacewa da mai maiƙon kai. Mai busasshen gashi ta nemi wanda aka rubuta moisturizing, ta duba ko akwai glycerin, ko shea butter wanda shi ne man kaɗanyarmu, ko cocamidopropyl betaine mai wanki a hankali. Yawan kumfa ba shi ne tsafta ba. In kin zo wankin ki raba gashin gida huɗu, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, ki sa kamar cikin cokali ki cuɗa fatar da tafin yatsu ban da farce. Jelar ba ta son cuɗa, kumfar da ta gangaro ta ishe ta. Ki bi da kwandishina ki bar shi minti biyar, ki taje tun yana jiki, sannan ki ɗauraye, ki shafa mai tun da sauran danshi, domin mai ba ya jiƙa gashi, ruwan da ke ciki yake tsarewa. Sau ɗaya a mako ko a kwana goma ya wadatar. Kada ki ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai, nan wari da amosani ke samun wuri. Ki kuma roƙi makitsiya ta sassauta hannu a gaban goshi. Mai rilaksa ta bari a ƙalla mako takwas, kuma sabon tohon kaɗai za a shafa wa. Gashi dai wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, babu kwalbar da za ta sa shi gudu, tsawo yana samuwa ne in jela ta daina karyewa.

Kwanakin baya ƙanwata ta nuna mini wani ganye a wayarta, wai ambunu daga Chadi, matan Amurka na saye da dala suna jiƙawa suna wanke kai. Na ƙura masa ido, na ce ke wannan ai karkashi ne. Ta ce haba Yaya. Muka jiƙa wanda ta saya da tsada, muka jiƙa na kasuwar Getso a wani kwanon, yauƙi ɗaya, ƙamshi ɗaya.

Shi na auna wa amaryar nan gwangwani biyu, na haɗa mata da man kaɗanya da shamfu marar ƙarfi, na ce ta je asibiti a duba ƙunar kafin ta shafa komai a wurin, kuma kada makitsiya ta taɓa gaban goshin. Ta ce, "Anti, to ranar kamu fa?" Na ce ai ashobe da ɗauri ake yinsa, wa zai ga kanki? Ta yi shiru, can ta ce, "Shi fa?" Na ce ki gaya masa tun yanzu da bakinki. An yi biki lafiya, kuma da ta zo gaishe ni bayan wata uku na ga toho ya fara rufe wurin, sai dai gefen dama har yanzu da saura.