Mahalban Damargu da Dajin da Suka Sani

Idan wani dattijo mai yawan shekaru ya riga mu gidan gaskiya a Ollelewa ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, aka yi masa sutura, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa, in har mamacin daga cikin mahalba yake, shaidar da jama'a ke bayarwa a kansa ba ta wuce biyu: ya riƙe iyalinsa da amana, kuma ya san daji. A ganina shaidun nan biyu abu guda ne, domin mahalbin Damargu magidanci ne kafin kome, wanda damina ke samunsa a gonar gero tare da 'ya'yansa, sai an yi girbi an cika rumbu, iska ta fara kaɗawa, sa'an nan ya sauke kwari da baka ya nufi dawa neman abin da zai ƙara a tukunya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da bayyana hukuncin wannan, kamar yadda ya zo cikin Risala, cewa farauta don wasa makaruhi ce, amma wadda aka yi don bukata halal ce, da sharaɗin a ambaci sunan Allah yayin sakin kibiya ko kare.

Ita ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi Tanut da Belbeji, tana tsakanin Damagaram da duwatsun Abzin, kuma tun zamanin da ita ce rumbun Abzinawa, inda ayarin gishirin Bilma ke yada zango ya sayi gero kafin ya zarce Kano. Dagirawa da Hausawa suka yi noma, Abzinawa suka riƙe raƙuma da takobi. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar tare da abokan tafiyarsa biyu, suka rabu a Tagelel, kuma ya rubuta cewa dajin da ya keto daga arewa mazaunin raƙumin dawa ne da mariri. Da fatar maririn nan ake yin garkuwar Abzinawa, saboda kaurinta da juriyarta, wato tun a lokacin akwai masu jiran abin da mahalbi zai kawo ban da matarsa da 'ya'yansa.

Amma abin da ya fi shigar da mahalbin Damargu cikin cinikin duniya shi ne jimina. A ƙarshen ƙarni na 19, musamman daga wajen 1870, matan masu hali na Landan da Paris suka ɗauki gashin jimina abin ado, fatake Larabawa na Gadamas da Tarabulus suka zauna a Jajiduna suna sayensa, ana ɗaure shi a kan raƙuma a ƙetare Sahara da shi. Bukata ta yi yawa har mutanen ƙauyuka suka shiga kamo 'ya'yan jimina suna kiwonsu a gida don a riƙa fige gashin. Wannan arziki bai daɗe ba. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya janye kaya zuwa bakin teku, yunwar 1913 da 1914 ta faɗa wa ƙasa, kasuwar gashin kanta ta mutu da ɓarkewar yaƙin duniya na farko, mahalbi ya koma ga abin da ya gada, barewa da zabo da tuje da zomo.

Bayan wannan zamani aka haifi dattijan da muke binnewa a 'yan shekarun nan, kuma ilmin da suka karɓa daga iyayensu ilmi ne na haƙiƙa, mai ƙa'idoji da ladubba, ko da ba a rubuta shi a allo ba. Yaro yakan fara da riƙon gora da bin sawun mahaifinsa, ya koyi bambanta sawun jiya da na asubahin yau, ya san ta inda iska ke busowa domin kada dabba ta shaƙi warinsa, ya iya ɗaura burtu a ka ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci garke. Sai ya yi hankali ake nuna masa haɗin dafi, kuma ba kowane ɗa ake nuna wa ba, sai wanda aka jarraba haƙurinsa, saboda mai saurin fushi bai cancanci riƙe abin da ke kashewa ba. Wanda ya kai wannan matsayi shi ake kira in kura ta addabi garke, shi ake tambaya saiwar da ke maganin sarar maciji, shi ne kuma ke gaba in yaro ko raƙumi ya ɓace a daji. Naman da ya kawo ba ya shiga ɗaki sai an fitar da rabon maƙwabta da na tsofaffin da ba su da mai nema musu.

Mutumin da ya rayu shekara tamanin ko casa'in a wannan ƙasa ya ga dajin yana ƙarewa a gaban idonsa, kuma zalunci ne a ɗora wa kibiyarsa laifin, alhali kuwa kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna halbi dabbobin ba su ƙare ba. Bindiga ta zo, mota mai bin barewa har ta faɗi ta zo, gonaki suka yi ta matsawa arewa, rijiyoyi suka tara garkunan shanu a inda da can sai namun daji, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Gwamnati ta haramta farauta a 1974, daga bisani dokar 1998 ta tsara ta da lasisi da lokaci, sai dattijon da ya ciyar da gida da bakansa ya wayi gari yana ɓoye shi daga ma'aikatan gandun daji. Da yawansu sun yi biyayya, suka tsaya ga noma da kiwo da ba da magani, suka aurar da 'ya'ya da jikoki, waɗanda a yau cin rani ke kai su Kano da Libiya da Aljeriya.

Mariri, wanda dominsa aka keɓe gandun Gadabeji a 1955, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji baki ɗaya. Raƙuman dawa da suka rage a Nijar suna yankin Kure kusa da Yamai, daga can aka ɗauko takwas aka kai Gadabeji a 2018, jimina kuwa ana kiwonta cikin shinge a Kelle ta ƙasar Gure, da niyyar a mayar da ita daji in ta yi yawa.