Wa Ya Gaji Sarki Idrisu? Asalin Jayayyar Gidan Sanusi a Libiya

Tun da aka fasa zaɓen da aka yi wa mutanen Libiya alkawarinsa ran 24 ga watan Disamba 2021, wato ranar da ƙasar ta cika shekara 70 da samun mulkin kai, maganar komawa ga tsarin mulkin 1951 ta ƙara ƙarfi a bakin waɗanda suka gaji da gwamnati biyu a ƙasa ɗaya. Duk mai kiran a koma ga wannan tsari kuwa, ko ya faɗa a fili ko ya sakaya, kira yake yi a mayar da sarki, domin a kan sarauta aka gina shi tun daga tushe. To, nan ne tambaya take tasowa, wa zai hau? Mutum biyu ne sunansu ya fi fitowa, Sayyid Muhammadu ɗan Hasan Rida, da Sayyid Idrisu ɗan Abdullahi Abid, dukansu zuriyar Shehu Muhammadu bin Ali Sanusi, kuma wanda ya ɗauka jayayyarsu ta faro ne daga juyin mulkin Gaddafi lalle ya makara, gama tushenta yana wani ƙauye mai suna Guro a arewacin Cadi, shekara 67 kafin a ji sunan Gaddafi.

Shehu Sanusi, wanda ya kafa zawiyarsa ta farko a dutsen Abu Ƙubais na Makka a 1837, ya rasu a Jagbub a 1859 ya bar 'ya'ya maza biyu, Muhammadu Mahdi da ƙanensa Muhammadu Sharif, kuma daga waɗannan biyu gidan ya rabu reshe biyu har yau. Mahdi ne ya gaji halifanci, shi ne ya yaɗa zawiyoyi a kan hanyoyin fatake har suka kai Wadai da Kanem, ya yi ƙaura zuwa Kufra a 1895, sa'an nan ya ƙara nausawa kudu zuwa Guro a 1899, inda ajali ya same shi a 1902, a daidai lokacin da Faransawa suke matsa wa 'yan'uwan ɗarika a Bir Alali. Babban ɗansa Idrisu, wanda daga baya ya zama sarki, bai wuce shekara 12 ba a sa'an nan, kuma da yake jama'ar da ke cikin yaƙi ba ta jiran yaro ya girma, sai manyan ihwani suka miƙa al'amari ga Ahmadu Sharif, ɗan ƙanen marigayin, wanda ya kusa shekara 30.

A kan wannan miƙawa aka fara saɓani. Mutanen reshen Mahdi suna cewa riƙo aka ba Ahmadu, amana ce ta maraya wadda za a mayar idan ya balaga ya yi hankali. Mutanen reshen Sharif kuwa suna ganin halifanci ne cikakke, irin wanda ake ba wanda ya fi cancanta da ilimi da jarunta, kuma ba a taɓa shar'anta wa ɗarika cewa sai ɗa ne zai gaji uba ba. Ni dai a ganina maganar farko ta fi kusa da abin da ya auku, saboda Ahmadu da kansa ya sakar wa Idrisu ragamar Barƙa bayan da yaƙinsa da Ingilishi a iyakar Masar ya ci tura a 1916, ya shiga jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a 1918 ya nufi Istanbul, bai kuma sake taka ƙasar ba har ya rasu a Madina a 1933. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa shi ne ya ɗauki nauyin jihadi a shekarun da suka fi tsanani, ya yaƙi Faransa da Italiya da Ingila, alhali Idrisu ta hanyar sulhu da yarjejeniya ya sami sarautar Barƙa a 1920, ya kuma zauna Masar tun daga ƙarshen 1922, yayin da Umar Mukhtar yake yaƙi cikin duwatsu da sunan Idrisu har Italiyawa suka rataye shi a 1931. 'Ya'yan Ahmadu sun tashi da wannan a zuci, cewa ubansu ya yi shuka wani ya girbe. Auren da Idrisu ya yi da Faɗimatu 'yar Ahmadu Sharif a 1931 ya kamata ya ɗinke ɓarakar, da Allah ya raya musu ɗa namiji wanda zai haɗa jinin gida biyu, amma bai ƙaddara ba.

Mutanen Agadas da Damagaram suna da rabonsu a cikin labarin wannan reshe, ko da ba kowa ya lura ba. Muhammadu Abid, ɗan'uwan Ahmadu Sharif, wanda ya riƙe Fazzan a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, shi ne ya ɗaure wa Kawusan, jagoran Abzinawa, gindi lokacin da ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kuma wannan Abid shi ne kakan Sayyid Idrisu mai da'awar yau.

Da aka sami mulkin kai a 1951, tsarin mulki ya ɗora sarauta a kan Idrisu da magadansa maza, babba kafin ƙarami, alhali kuwa sarki ya haura shekara 60 ba shi da ɗa. Kowane baligi a gidan Sanusi ya san abin da wannan yake nufi, kuma 'ya'ya da jikokin Ahmadu Sharif, waɗanda suka fi reshen Mahdi yawa nesa ba kusa ba, suna ganin idan ba yau ba gobe abin zai dawo hannunsu. Abin da ya tsaya tsakaninsu da sarki mutum ɗaya ne, Ibrahim Shalhi, wanda ya yi wa Idrisu hidima wajen shekara 40, tun yana saurayi, ya bi shi gudun hijira, ya zama shugaban fada, har ya kai ba a ganin sarki sai ta hannunsa. Sarki yana ƙaunarsa kamar ɗan da bai haifa ba. Mutanen reshen Sharif kuwa suna ganinsa bara ne da ya shiga tsakanin jini da jini, yana toshe musu ƙofa, yana buɗe ta ga wanda ya ga dama, musamman amininsa Abdullahi Abid, wanda ko da yake ɗan reshensu ne, ya zaɓi ɓangaren fada.

Ran 5 ga watan Oktoba 1954, a Bangazi, wani saurayi mai suna Sharif Muhyiddin, jikan Ahmadu Sharif, wanda Sarauniya Faɗimatu take gwaggonsa, ya harbe Shalhi har lahira. An yi shari'a, an yanke masa hukuncin kisa, an kuma zartar a farkon 1955, sarki bai yi afuwa ba. Da abin ya tsaya nan, da sai a ce ƙisasi ne, rai a bakin rai, babu mai ja. Amma baƙin cikin sarki ya wuce kan mai laifi ya faɗa wa dangi gaba ɗaya: aka kwashe wasu manyan gidan aka kai su Hun, can cikin hamada, aka tuɓe wa sauran laƙabin sarauta da gatancin da ke tare da shi, sa'an nan, kwanaki kaɗan bayan kisan Shalhi, ran 22 ga Safar 1374, aka fitar da umarnin sarki wanda ya killace gadon sarauta a reshen Mahdi kaɗai, wato sarki da ɗan'uwansa Muhammadu Rida da zuriyarsu. Sarki ya ƙaurace wa Bangazi ya tare a Tubruk, zuciyarsa ta yi sanyi da mulki, har firayim ministansa Mustafa bin Halim ya kawo shawarar a mai da ƙasar jamhuriya shi ya zama shugabanta muddin ransa, shawarar da shugabannin ƙabilun Barƙa suka taru suka ture.

Ban ga yadda mai insafi zai wanke wannan hukunci na 1954 daga zalunci ba, domin shari'ar da gidan Sanusi ya ginu a kanta ba ta kama wani da laifin wani, kuma ba a nuna cewa dukan waɗanda aka tuɓe sun sa hannu a kisan ba. Sai dai zaluncin da ke cikin sababin doka abu ne daban, ingancin dokar a ƙa'ida kuma abu ne daban, kuma a nan ne masu goyon bayan reshen Sharif suke gauraya abu biyu. Tsarin mulki ya ba sarki ikon tsara gado da umarninsa. Muhammadu Rida ya rasu a 1955, auren da sarki ya yi da wata Bamisriya a wannan shekara don neman magaji bai ba da ɗa ba, sai a 1956 ya fitar da umarni na biyu ya naɗa Hasan ɗan Rida wali'ul ahdi. Lokacin da aka gyara tsarin mulki a 1963, aka soke tarayya aka haɗe lardunan ƙasar uku, sai aka ambaci waɗannan umarni biyu a cikinsa aka ba su ƙarfin aya ta tsarin mulki. Saboda haka duk wanda ya ce a koma ga tsarin mulkin mulkin kai, sa'an nan ya ce a ba wani daga zuriyar Muhammadu Sharif sarauta, ya nemi inuwar itacen da yake sara.

Hasan mutum ne mai sanyin hali, ba shi da rinjaye a fada, inda 'ya'yan Shalhi suka gaji matsayin ubansu suka kuma raina shi. Ran 4 ga watan Agusta 1969 sarki, yana ƙasar Girka, ya sa hannu a takardar murabus wadda za ta fara aiki ran 2 ga Satumba, Hasan ya hau. Ran 1 ga Satumba, saura kwana ɗaya, ƙananan hafsoshi suka kwace mulki, aka kama Hasan, aka sa shi ya yi jawabi ta rediyo cewa ya sauka daga haƙƙinsa.

Wannan jawabi shi ne babbar hujjar masu ja da Sayyid Muhammadu, suna cewa wanda ya saki haƙƙi ba shi da abin da zai bar wa ɗansa. Amsar kuwa ba ta da nisa ga duk wanda ya yi karatu a mazhabar da Libiya da ƙasar Hausa suka yi tarayya a cikinta, domin Imamu Malik an yi masa bulala a Madina, zamanin Abbasiyawa, saboda fatawarsa cewa rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi, abin da mutane suka fahimta ya shafi mubaya'ar da aka karɓa da takobi. In mubaya'a ba ta ƙulluwa da ikrahi, yaya murabus zai ƙullu da shi, ga mutumin da sojoji suka ɗauko daga gidansa da bindiga? Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce cewa Hasan bai taɓa hawa ba, don haka wasiyyarsa ba wasiyyar sarki ba ce. Mawardi ya yi bayani a Ahkamus Sulɗaniyya cewa wali'ul ahdi ba shi da ikon miƙa alkawarin ga wani muddin wanda ya naɗa shi yana da rai, saboda al'amarin bai tabbata gare shi ba tukuna. To, Sarki Idrisu ya rasu a Alƙahira ran 25 ga watan Mayu 1983, aka binne shi a Baƙi'a, Hasan kuwa ya rayu shekara tara bayansa, kuma wasiyyar da ta ambaci ɗansa Muhammadu an bayyana ta ne bayan rasuwarsa a Landan a 1992. Sharaɗin Mawardi ya cika ke nan, gwargwadon yadda zai cika ga sarautar da ba ta da ƙasa. In akwai mai ikon tayar da magana a kan zaɓen Muhammadu, to, daga cikin 'ya'yan Hasan zai fito, bisa ƙa'idar babba kafin ƙarami, kuma ko an bi ta wannan hanya ba ta kaiwa ga jikan Abid.

Abdullahi Abid dai ya ci gaba da cin gajiyar kusancinsa da fada har kwangilar hanyar Fazzan da aka ba kamfaninsa ta jawo faɗuwar gwamnatin Abdulmajid Ku'bar a 1960, kuma a 1970 aka ambace shi a makircin shigowa daga Cadi don kifar da Gaddafi, wanda aka tona kafin ya nuna. A kan wannan yunƙuri ɗansa Idrisu, haifaffen 1957, yake jingina da'awarsa, cewa gidansu ne ya motsa a lokacin da sauran suka yi shiru. Ana iya yaba ƙoƙarin, amma ba ya shafe umarnin Safar, kuma shirun Hasan shirun ɗaurarre ne, wanda aka tsare shekaru, aka ƙone gidansa a 1984, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ba a bar shi ya fita neman magani ba sai 1988.

Da aka yi tawaye a 2011 aka ɗaga tutar sarauta mai ja da baƙi da kore a Bangazi, duka biyun suka fito suna magana da 'yan jarida, Idrisu ya koma Libiya a ƙarshen shekarar, Muhammadu kuwa, haifaffen 1962, ya ci gaba da zama a Landan yana cewa mutanen Libiya ne za su yanke irin mulkin da suke so. Tsarin mulkin da ake kira a koma gare shi ya sharɗanta cewa sarki ba ya fara aiki sai ya yi rantsuwa a gaban majalisar dattawa da ta wakilai suna zaune tare, kuma majalisar dattawan da ake nufi rabonta da zama tun 1969.