Hannun da Ya Wanke Miki: Tarihin Amanawa da Darasinsa Gare Mu



A nazarinmu na wannan wata mun iso kan bangaskiya da nagarta. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta biyu, sura 1 aya 5, ya gargaɗe mu mu ɗora halin kirki a kan bangaskiyarmu. Maganar tana da sauƙin haddacewa, amma ta fi shiga zuciya idan an gan ta a jikin mutane. Saboda haka bari mu waiwayi tarihin yankinmu, tun zamanin da Ƙaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Badarawa suke ƙarƙashin Lardin Sakkwato, shekaru da yawa kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Burinsu su kawo bishara ƙasar Hausa. Shekara ba ta zagayo ba biyu suka rasu, Kent a Bida, Gowans kuma a Girku, ta wajen Zariya. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 mishan ɗin da ya kafa, wato SIM, ya sami wurin zama a Pategi, bakin Kwara. Wannan ita ce bangaskiya: shekara tara, kaburbura biyu, ba a fasa ba.

Amma ƙasar sarakuna ta ci gaba da zama a rufe. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi wajen shekara talatin. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, amma mai wa'azi bai da izinin tsayawa a kasuwa.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne ciwon da kowa yake gudu: kuturta. A wancan zamani, wanda ta kama yakan rasa yatsu, ya rasa sana'a, sau da yawa ya rasa aure. A ware masa ƙwaryarsa, a ware masa tabarmarsa, ƙarshe ya koma bara a bakin kasuwa ƙarƙashin Sarkin Kutare. Har karin magana muke da shi, wai kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa, wato sai dukiya ce za ta sa a kula shi. En'e tana da sansanonin kutare, amma ma'aikatan da za su zauna cikinsu sun yi ƙaranci.

Wajen 1937 aka daidaita tsakanin gwamnati, sarakuna da SIM cewa mishan ya riƙe asibitocin kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Babbar Ruga a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da Amanawa, kudu da birnin Sakkwato, wadda ita ce ta lardinmu. Ku lura da sunan ta Kano: ya da kunya. Daga baya aikin ya tsallaka iyaka, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956.

Mene ne aikin? Ba wani abin ɗaukar hoto ba ne. Kuturta tana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, sai ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, mikin ya ruɓe. Kowace safiya sai an jiƙa ƙafa, an kankare mataccen nama, an wanke, an ɗaure. Maganin da ake da shi a lokacin man wata itaciya ne daga Indiya, colmugura, ana yin allurarsa mai raɗaɗi har shekaru, kuma ba kowa yake warkewa ba. Ma'aikaci yakan wanke ƙafa ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya ga ƙarshen ciwon ba. A nan ne bangaskiya da nagarta suka zama abu ɗaya: da babu begen cewa Allah yana gani, da hannu ya gaji tun a watan farko.

Sauƙi ya zo a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Dakta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dafson mai arha da ake haɗiya tana maganin ciwon. Daga nan aka riƙa kai magani ƙananan shagunan magani na karkara, mutum ya sha yana gidansa. Wa ya ɗauki wannan nauyi? Turawa ba su da yawa. Mafi yawan aikin 'yan ƙasa ne suka yi, da dama cikinsu tsofaffin majinyata ne da suka warke, suka koyi karatu da ɗaurin miki, suka zama dispensa. Sunayen yawancinsu ba su shiga littattafai ba. Wasunsu sun ba da gaskiya, su da 'ya'yansu suka shiga cikin masu bi Hausawa na farko a waɗannan larduna, kuma da irinsu aka gina ikkilisiyar ECWA da aka kafa a 1954.

Sai dai gaskiya ba ta neman ado. Wannan tarihi yana da wurin tuntuɓe. Akwai lokutan da sarakuna da iyaye suka yi ƙorafi a kan koya wa yaran majinyata addini, domin mara lafiya ba ya iya musu da mai ba shi magani. Ƙorafin ya cancanci a saurare shi. Idan alheri ya zama ƙugiyar kama mutum, ya tashi daga nagarta ya koma ciniki. Abin da ya fi ba da shaida shi ne, mafi yawan waɗanda aka yi wa jinya Musulmi suka zo, Musulmi suka koma gida, an kuma wanke mikinsu daidai da na kowa. Ubangijinmu ya bar mana gurbi a Luka sura 17: ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran taran ba. A Markus sura 1 kuma, ya miƙa hannu ya taɓa kuturun, ko da yake kalma kaɗai ta isa.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan. Amanawa tana nan har yau. Ciwon ma bai ƙare ba, amma yana warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ake sha wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Ba la'ana ba ce, ba gado ba ce, wanda ya fara shan magani kuma ba ya yaɗa ta. Idan ka ga tabo mai haske a fatar wani, wanda ba ya jin taɓi a wurin, ka raka shi asibiti tun yatsu ba su lalace ba.

To, mu fa? Mu kaɗan ne a wannan yanki, kuma kwanakin nan tsoro ya yi yawa. Garuruwanmu cike suke da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu: gwauraye, marayu, tsofaffin da suka bar gona da rumbu. Da sauƙi mu kulle ƙofar majami'a mu ce mu ma ta kanmu muke yi. Amma waɗanda suka riga mu ba su da izinin wa'azi a kasuwa, sai kwanon ruwa da bandeji, da su kuwa suka yi shaida. Wannan mako kowane ɗan zumunta ya nemi mutum ɗaya da jama'a suke kauce wa, ya gaishe shi da hannu, ya san sunansa, ya raba abincinsa da shi, kada ya tambaye shi inda yake sujada, kada kuma ya jira godiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ya Ubangiji, ka ba mu bangaskiyar da ba ta gajiya, da hannun da ba ya ƙyama. Cikin sunan Yesu. Amin.