Ruwa a Ƙasar Badagishiri: Wa Ke da Shi, Wa Ke Kula da Shi?

Badagishiri gari ne a gundumar Illela, cikin jihar Tawa. Ƙasar Adar ce, mai duwatsu da kwaruruka. Damina gajeruwa ce. Idan ruwan sama ya sauka bisa faƙo, sai ya gudu da ƙarfi, ya kwashe ƙasar noma, ya bar rijiyoyi ba su cika ba.

Abin da manoma suka yi

A shekarar 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa tassa ana zuba mata taki. Da suka dawo, suka gwada a gonakinsu. Maƙwabta suka ga gero ya yi kyau a inda da ko ciyawa ba ta fita, sai suka kwaikwaya ba tare da an tilasta musu ba. Tassa da rabin wata da jeren duwatsu suna tsayar da ruwa har ya nutse cikin ƙasa. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiyoyi ya taso bayan wannan aiki.

Abin da doka ta ce

Dokar ruwa ta Nijar ta fito ranar 1 ga Afrilu 2010. Ta tabbatar da haƙƙin kowane mutum na samun ruwa. Ta kuma nemi masu amfani da shi su ba da gudummawa wajen ɗawainiyarsa.

A nan ne ra'ayi ke rabuwa. Wasu na cewa ruwa kyautar Allah ne, bai kamata a sayar ba. Gaskiya ne, amma famfo da inji da bututu suna lalacewa. Kuɗin da ake karɓa a bakin famfo na gyara ne. Haka yake a gandarin Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango ke bai wa ruwa, da kuma gandarin Galmi a gundumar Malbaza: manoma na biyan kuɗin ruwa don a riƙa gyara magudanai.

Shawara

A zaɓi kwamitin ruwa a bainar jama'a, a saka mata a ciki, domin su ne ke ɗibar ruwa. A rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta wa jama'a. A bar wa makiyaya hanyar mashaya. Idan rigima ta taso kan rijiya ko fadama, a kai ta gaban mai gari da kwamitin filaye tun ba ta yi zafi ba.