Gamzakin Wittenberg: Tarihin Katarina, Matar Martin Luther

 Da muka zauna shirya mujallar bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, an ɗan ja kan abin da za a sa a shafin tarihi. Fam ɗin shiga ƙungiya ne ya raba gardama. Duk wadda ta taɓa taya sababbin membobi cike shi ta san abin da ke faruwa in an zo gurbin sana'a. Mace ce mai kiwon kaji, mai tashi da asuba ta soya ƙosai, ga 'ya'ya biyar, amma sai ka ji ta ce, "Ai ni ba na aikin komai, matar gida ce." Shi ya sa muka ɗauko tarihin wata matar gida ta ƙasar Jamus. Masu zuwa coci a cikinmu sun san sunan mijinta, Martin Luther, wanda ya tayar da gyaran Ikilisiya a 1517. Sunanta ne ba kowa ya sani ba: Katarina von Bora.

Kafin a gane ta, sai an gane yadda ake kallon aure a zamanin da aka haife ta. Ikilisiya ba ta taɓa cewa aure zunubi ne ba, tana ma girmama Maryamu uwar Yesu matuƙa. Amma an daɗe ana jera mata hawa-hawa. Jerom, babban malamin nan da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, wanda ya rasu a 420, ya koyar cewa budurwar da ta keɓe kanta ga Allah ita ce a sama, sai gwauruwar da ba ta sake aure ba, sannan matar aure a ƙasa. Wannan ra'ayi ya yi sama da shekara dubu yana aiki. Mai son kusantar Allah sosai sai ta shiga gidan zuhudu, ta yi alkawarin ba aure har mutuwa. Mai goyo da wanke-wanke kuwa, to, ita ma dai za ta samu nata rabon.

An haifi Katarina a 1499, a gidan masu asali amma marasa abin hannu. Tana da kamar shekara biyar aka kai ta makarantar sistoci, daga baya aka mayar da ita gidan zuhudu na Nimbschen, inda ta yi alkawarinta a 1515, tana 'yar shekara 16. Ba wanda ya tambaye ta ko tana so. Amma a faɗi gaskiya, a can ta koyi karatu da rubutu da ɗan Latin, a can kuma ta ga mata suna riƙe da gonaki da rumbuna da littafin lissafi. Wannan ilimin ya yi mata rana daga baya.

Rubuce-rubucen Luther sun tsallaka katanga sun shiga gidan. A jajibirin Ista na 1523, sistoci 12 suka sulale cikin dare a keken dokin wani ɗan kasuwar Torgau, Leonhard Koppe, wanda ya saba kawo wa gidan kifi. Ba ƙaramin ganganci ba ne, don a dokar lokacin mai fitar da sista daga gidan zuhudu yana iya rasa ransa. Tara daga cikinsu suka iso Wittenberg, ba kuɗi, ba kayan sawa na kirki. Luther ya shiga nema musu mafita: wasu suka koma wajen dangi, wasu aka yi musu aure. Katarina ce ta rage. Saurayin da take so, ɗan wani babban gida na Nuremberg, ya tafi gida bai dawo ba, don iyayensa ba su yarda da tsohuwar sista marar dukiya ba. Aka kawo mata wani fasto, Kaspar Glatz, ta ce a kai kasuwa. Ta gaya wa abokin Luther, Amsdorf, cewa shi ko Luther ne kawai za ta aura. Ku ji fa, mace marar ko sisi, a 1525, tana zaɓen miji da bakinta.

Ranar 13 ga Yuni 1525 aka ɗaura auren. Tana da shekara 26, shi 41.

Shekara uku kafin nan, a 1522, Luther ya riga ya rubuta ɗan littafi kan zaman aure, kuma abin da ya faɗa a ciki ya kife wancan jeri na Jerom. A ganinsa, ba aikin da ya fi wani tsarki don kawai a coci ake yin sa. Kowa da kiran da Allah ya yi masa, kuma uwa mai shayarwa da dare, in da bangaskiya take yi, bautar Allah take yi daidai da mai wa'azi. Har misali ya kawo da uba mai wanke tsumman jariri, ana yi masa dariya ana cewa ya zama mace, ya ce Allah da mala'ikunsa suna murna da wannan aiki. A inda muke ma, namijin da aka gani yana wanke kashin jariri ai sai a ce an shanye shi.

To, wa'azi ke nan. Yanzu ga gidan.

Sarkin Saksoni ya bar musu tsohon gidan zuhudun da Luther ya zauna a ciki, ƙaton gini mai ɗakuna barkatai. Luther da kansa ya faɗa cewa kafin aure sai ya shekara ba a gyara shimfiɗarsa ba, har ta ruɓe da zufa. Hannunsa kuma ba ya riƙe kuɗi. Littattafansa suna tashi kamar wutar daji, masu ɗab'i suna ta cin riba, amma bai karɓi ladan rubutu ba. Mai roƙo in ya zo, ko kofin azurfa ne sai ya miƙa masa ko ya kai jingina. An ba da labarin cewa babban bishop na Mainz ya aiko musu gudummawar aure, gulden 20 a kuɗin lokacin, Luther ya ƙi karɓa, Katarina ta karɓa ta adana. Mun san irin wannan gida. Maigida yana ta shan yabo a waje cewa mutumin kirki ne mai kyauta, uwargida tana ciki tana lissafin mudu nawa ya rage.

Sai ta mayar da gidan wurin sana'a. Ɗakunan da ke zaune banza ta sa ɗaliban jami'a a ciki, suna biyan kuɗin kwana da abinci. Ta yi lambuna, ta dasa itatuwan marmari, ta samu tafkin kifi. Ta yi kiwon shanu da awaki da kaji da aladu, tana kuma dafa giya irin ta ƙasarsu, wadda a lokacin abin sha ne na yau da kullum a gidaje. A 1540 aka sayi gonar Zulsdorf daga hannun ɗan'uwanta, can kudu da Leipzig, takan tafi ta yi makonni tana duba aiki. Bakin da take ciyarwa yakan kai talatin ko fiye: 'ya'yanta, marayun dangi da suka riƙe, ɗalibai, barori, da baƙin da ba sa yankewa. Da annoba ta faɗa wa Wittenberg a 1527, jami'a ta kwashe ta bar gari, su ba su tafi ba. Gidan ya koma wurin jinya, ita kuwa tana da tsohon ciki.

Saboda tashin da take yi tun ƙarfe huɗu na asuba, Luther yakan kira ta Gamzakin Wittenberg. A wasiƙunsa kuma yakan sa mata laƙabin da ake ba maza masu gida, kamar dai a ce "Maigida Kati". Da wasa yake faɗa, amma wasan da gaskiya a cikinsa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sukan tuna da matar kirkin da aka siffanta a Karin Magana sura 31, wadda sau da yawa ake kawowa a wa'azin aure don a nuna wa amarya ladabi. A koma a duba surar da kyau: matar tana sayen gona, tana saƙa tana sayarwa ga 'yan kasuwa, tana da masu yi mata aiki. A duniyar da aka rubuta surar, haka ma a duniyar Katarina, gida shi ne masana'anta. Raba wurin aiki da wurin kwana, miji ya fita ya samo albashi mace ta zauna jira, sai bayan zuwan manyan masana'antu a Turai ya zama abin da masu hali ke tinƙaho da shi.

Ta haifi 'ya'ya shida tsakanin 1526 da 1534. Elizabet ta rasu tana wata takwas. Magdalena ta rasu a 1542 tana shekara 13, a hannun ubanta. Wadda ta taɓa binne ɗa ba ta buƙatar mu yi mata bayani.

Ba za mu wanke Luther tas ba. Mutumin da ya ɗaukaka aikin uwa shi ne kuma ya ce an halicci mace don zaman gida, har yana kafa hujja da surar jikinta. A cikin littafin nan na 1522 ya yi magana kan matan da haihuwa ke gajiyarwa har ta kashe su, a kan cewa ba komai, don haka aka yi su. Magana ce mai nauyi, kuma ba ma jin wata ungozoma za ta iya faɗin ta. Shugabancin gida a wurinsa na miji ne, wa'azi na maza ne. Da aka rufe gidajen zuhudu a ƙasashen da suka bi shi, an kuma rufe hanya ɗaya tilo da mace ke da ita ta rayuwa da daraja ba tare da miji ba, ta yi karatu, har ta shugabanci wasu. Akwai sistocin da suka ƙi fita, suka ce nan ne gidansu. An ɗaga matar aure, amma an bar wa mace ƙofa ɗaya. Ko hirarrakin Luther da suka yi suna, waɗanda ɗalibai suka riƙa rubutawa a bakin teburin cin abinci aka buga a 1566, a kan abincinta aka yi su, muryarta kuwa jefi-jefi take fitowa, wani lokaci ma da ba'a.

Inda tarihin ya fi shafar mu shi ne ƙarshensa. A dokar Saksoni, matar da mijinta ya mutu ba ta da ikon kanta: sai an naɗa mata waliyyi namiji, 'ya'yanta ma haka, abin da ke nata a gado kuma kaɗan ne. Luther ya san da wannan. A 1542 ya rubuta wasiyya da hannunsa, ba tare da lauya ba, ya bar mata gonar Zulsdorf da wani ƙaramin gida da kofunan azurfa da sauran kayan daraja. Dalilinsa shi ne uwa ta fi kowa iya riƙon 'ya'yanta, kuma ba ya so ta koma tana miƙa hannu ga 'ya'ya, su ne ya kamata su dubi hannunta. Nan kam ya kyauta.

Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu 1546. Sarki ya tabbatar da wasiyyar, amma duk da haka sai da aka naɗa waliyyai. Babban jami'in fada, Gregor Brück, yana ganin ta cika son dukiya da taurin kai, har ya ba da shawara a ɗauke 'ya'yan maza daga hannunta. Matar da ta yi shekara 20 tana ciyar da malamai da ɗalibai, yanzu ita ake tambaya ko za ta iya riƙon gida. Ta tsaya da ƙafarta, ƙananan suka zauna wurinta. Wannan wasan mun san shi, sai dai a wurinmu ba daga fada yake zuwa ba, daga ɗakin ƙannen miji yake fitowa tun ba a share makoki ba.

Sai yaƙi ya ɓarke a shekarar tsakanin sarkin sarakuna Charles na Biyar da sarakunan da ke bin koyarwar Luther. Sau biyu tana gudu da 'ya'ya, ta je Magdeburg, ta kai har Braunschweig. Da ta dawo a 1547 ta tarar an lalata gonaki, dabbobi sun tafi. Ta ci bashi, ta sake karɓar ɗalibai 'yan haya, ta shiga shari'a kan filaye, ta yi ta rubuta wasiƙun neman taimako. Da yawa daga waɗanda suka ci tuwonta suka yi kamar ba su san ta ba. Cikin waɗanda suka riƙa aiko mata da kuɗi akwai Sarkin Denmak, Kirista na Uku. Daga wannan ƙasa ta Denmak ne, bayan shekaru ɗaruruwa, Dokta Niels Brønnum ya iso Numan a 1913, aikin da ya haifi cocin Lutheran ta Kristi a Nijeriya. 'Yan'uwanmu na Adamawa, in kun ga matar fasto tana fama da baƙi da marayu da 'yar gonarta a bayan coci, to Katarina na cikin na farko-farkon da suka buɗe wannan layi.

A 1552 annoba ta sake dawowa Wittenberg, jami'a ta koma Torgau, ita ma ta bi da 'ya'yanta. Dab da shiga gari dawakin suka firgita, ta faɗo daga keken ta afka cikin wani rami mai ruwan sanyi. Ta yi wata uku tana jinya, autarta Margareta na kula da ita. Ta rasu ranar 20 ga Disamba 1552, tana da shekara 53. Ba a kai ta kusa da mijinta a Wittenberg ba, a cocin Maryamu ta Torgau aka binne ta. Dutsen kabarinta yana nan har yau, an sassaƙa ta a tsaye cikin doguwar riga, da littafi a hannunta.