Tarihin Ƙaramin Allon Kwamfuta da Mas'alar Ɗaukaka Shi Zuwa Darajar Gwanaye

Daga cikin mas'alolin da ma'abota sha'anin na'urori suka daɗe suna saɓani a kansu, tun daga shekarar 2015 zuwa yau, akwai wadda ta shafi ƙaramin allon kwamfuta, watau wannan shafaffiyar na'ura wadda tafin hannu ɗaya yake riƙewa, yatsa ko alƙalami yana rubutu a fuskarta: shin ya cancanta maƙera su ƙera masa wani nau'i na musamman domin gwanaye masu sana'a, kamar yadda suka yi wa manyan 'yan'uwansa, ko kuwa rabonsa ke nan ya tabbata abin karatu da kallo da lallashin yara? Ba a yanke hukunci a kan irin wannan mas'ala da son rai, sai an koma ga asali an bi salsalar abin, an ga hannun da ya fara riƙe shi da lalurar da ta haife shi, domin wanda ya san mafarin al'amari shi ne ya fi kusa da yin adalci a kan makomarsa.

Malamin da aka fi jingina wa asalin wannan tunani shi ne Alan Kay, wanda a shekarar 1972, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta jihar Kalifoniya, ya rubuta maƙala ya siffanta wata na'ura mai suna Dynabook, wadda girmanta bai wuce na littafin rubutu ba, yana nufin yara su nemi ilmi da ita. Fasahar zamaninsa ba ta kai ga ƙera ta ba. Amma da lokaci ya yi aka fara ƙera irinta, sai ta faɗa hannun manya masu neman abinci, domin GRiDPad, wanda ya fito a 1989 da nauyin kusan kilo 2, kamfanoni da sojojin Amurka ne suka saye shi saboda ma'aikatan da suke cike takardu suna tsaye. Kamfanin Apple ya biyo baya da Newton a 1993, sai dai gazawarsa wajen karanta rubutun hannu ta mai da shi abin ba'a a jaridu, har Steve Jobs ya kashe shi a 1998. Wanda ya gane sirrin abin shi ne Jeff Hawkins, mutumin da ya tsara GRiDPad tun farko, wanda ya sassaƙa guntun katako daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi yana kwaikwayon aiki, har ya tabbatar da gwargwadon da hannu da aljihu za su yarda da shi, sa'an nan ya fitar da Palm Pilot a 1996 a kan dala 299. Ba a jima ba likitocin Amurka suka rungume shi, suna duba sunayen magunguna da ƙa'idar shansu a wata manhaja mai suna Epocrates, suna tsaye a gefen gadon majinyaci. Abin da wannan zamani na farko ya tabbatar shi ne, ƙaramar na'ura mai alƙalami ta fara samun masauki ne a wurin mutumin da aikinsa bai ba shi damar zama ba.

Sabon babi ya buɗe ran 27 ga Janairu, 2010, a birnin San Faransisko, ranar da Jobs ya nuna wa duniya iPad, mai fuska inci 9.7, a kan dala 499. Ya kamata mai nazari ya lura da yadda ya nuna shi, domin a kan dandamali aka ajiye masa kujera mai laushi, ya zauna ya harɗe ƙafa yana karanta jarida yana duba hotuna, kuma wannan zama ya bayyana niyyar kamfanin fiye da duk jawabin da aka yi a ranar. Da abokan hamayya suka fara fitar da alluna masu inci 7, kamar Galaxy Tab na Samsung, sai Jobs ya tashi a watan Oktoba na wannan shekara ya yi musu raddi a gaban masu hannun jari, yana mai cewa girman nan bai isa a gina manhaja ta kirki a kansa ba, har ya yi habaici cewa sai an haɗa wa mai saye da takardar goge katako ya rage faɗin yatsunsa. Sai dai a cikin gidan nasa ma ba a yi ijma'i a kan wannan fatawa ba, domin shari'ar da aka yi tsakanin Apple da Samsung a 2012 ta tono wata wasiƙa ta Eddy Cue, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, wadda ya rubuta a Janairun 2011 yana ba da shawara a ƙera ƙarami, tun da kasuwarsa tana nan tafe.

Kasuwar kuwa ta zo, amma ta ƙofar araha. Amazon ya fitar da Kindle Fire a Nuwamban 2011 a kan dala 199, Google ya biyo da Nexus 7 a tsakiyar 2012 a kan wannan farashi, dukansu inci 7, dukansu kuma an yi su ne domin a sayar wa mutane littattafai da finafinai da wasanni. A cikin wannan yanayi, shekara guda bayan rasuwar Jobs, Apple ya bayyana iPad mini ran 23 ga Oktoba, 2012, mai inci 7.9 da nauyin giram 308, a kan dala 329, aka sa masa ƙwaƙwalwar A5 wadda aka gada daga iPad 2 na shekarar da ta gabata. A nan ne aka buga wa ƙaramin allo hatimin da har yau bai gama gogewa ba, watau cewa ƙarami shi ne mai araha, mai araha kuwa shi ne mai sa kwancen yayansa.

An taɓa karya wannan ƙa'ida, kuma ya kamata a riƙe shekarar, domin hujja ce. A ƙarshen 2013 aka fitar da iPad mini na biyu tare da iPad Air, aka ba su ƙwaƙwalwa iri ɗaya, A7, da adadin ɗigon hoto iri ɗaya a fuska, har ya zama babban abin da mai saye zai zaɓa shi ne girman da ya dace da hannunsa. Adalcin bai daɗe ba. A 2014 aka ciyar da Air gaba, aka bar ƙaramin da tsohuwar ƙwaƙwalwarsa, ba a ƙara masa kome ba sai makarancin zanen yatsa da launin zinariya. A wannan shekara kuma iPhone 6 Plus ya fito da inci 5.5, wayar hannu ta fara cin iyakar ƙaramin allo daga ƙasa. Sa'an nan a Satumban 2015 aka bayyana iPad Pro, mai inci 12.9, da alƙalaminsa da madanninsa, a kan dala 799, kuma daga ranar nan laƙabin gwaninta ya zama mallakar babba. A taron ne aka ambaci iPad mini na huɗu a gurguje, aka kuma bar shi shekara uku da rabi ba a waiwaye shi ba, har masu lura da kasuwa da yawa suka yi masa ta'aziyya tun yana raye.

Abin mamaki shi ne, a daidai shekarun da maƙerinsa ya juya masa baya, ma'abota sana'o'i masu nauyi suna ta shigar da shi cikin aikinsu. Matuƙa jirgin sama sun daɗe suna jan jaka cike da taswirori da littattafan ƙa'ida, wadda a kamfanin American Airlines nauyinta ya kai wajen kilo 16. A Disamban 2011 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta yarda wa wannan kamfani ya yi aiki da iPad a ɗakin matuƙi tun daga tashi har sauka, kuma zuwa 2013 allo ya maye gurbin takarda a jiragensa. Su kuwa matuƙa ƙananan jirage, waɗanda ɗakinsu bai fi kujerar gaban mota faɗi ba, ƙaramin suka fi so, domin shi ne ake ɗaurawa a cinya ko a maƙala a sitiyari ba tare da ya rufe agogunan jirgi ba, yana nuna musu hanya da yanayin sama ta manhajoji irin su ForeFlight. Likitoci sun same shi daidai aljihun farar rigarsu, 'yan safiyo da injiniyoyin gini sun same shi daidai hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsani ko magwaji. Wasu maƙera sun ga wannan gurbi suka shige shi, Panasonic da Toughpad mai inci 7, Samsung da Galaxy Tab Active mai inci 8, duka a 2014, an gina su domin su jure faɗuwa da ruwa da ƙura. Ko a nahiyarmu, da Ghana ta yi ƙidayar jama'arta a 2021, da allunan kwamfuta malaman ƙidaya suka bi gida gida.

Apple ya dawo kan ƙaraminsa a Maris na 2019 ya ba shi alƙalami, a Satumban 2021 ya sake masa siffa ya kai fuskarsa inci 8.3 a kan dala 499, a Oktoban 2024 kuma ya sa masa ƙwaƙwalwar A17 Pro. Duk da haka tazarar tana nan. Fuskar iPad Pro tana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa tun 2017, ta ƙaramin sau 60. Hasken fuskar Pro na 2024 ya kai ma'auni 1000, na ƙaramin 500. Gilashin da yake kashe ƙyallin rana kuwa an keɓe shi ga mafi tsadar manya, alhali mai buƙatarsa na haƙiƙa yana can sararin sama rana tana dukan allonsa.

Masu inkarin a yi wa ƙarami nau'in gwanaye suna da hujjoji waɗanda mai adalci ba zai raina ba. Na farko hukuncin ɗabi'a ne, domin ƙwaƙwalwa mai ƙarfi da fuska mai haske suna shan wuta suna haifar da zafi, ƙaramin jiki kuwa batirinsa ƙarami ne, wurin fitar zafinsa kaɗan. Na biyu hukuncin kasuwa, domin Apple ya gwada ƙaramar waya mai cikakken ƙarfi, iPhone 12 mini a 2020 da 13 mini a 2021, masu yabonta suka yi yawa masu sayenta suka yi kaɗan, har aka daina ta a 2023. Na uku, wayoyi masu naɗewa, waɗanda Samsung ya fara fitarwa a 2019, in an buɗe su suna kusan kai girman ƙaramin allo. Na huɗu, mai haɗa fim ko mai zanen gini faɗin fuska yake bukata, kuma babu ƙarfin ƙwaƙwalwar da zai mai da inci 8 ya zama 13.

Waɗannan hujjoji duk sahihai ne, sai dai an gina su a kan kiyasi guda mai rauni, watau zaton cewa gwani shi ne mai zama a gaban tebur, saboda haka kayan gwani ƙarami sai ya zama babban ne aka matse. Tarihin kayan aiki ya saɓa wa wannan zato. Da kamfanin Leitz na Jamus ya fitar da Leica a 1925, ƙirar Oskar Barnack, masu ɗaukar hoto da manyan akwatuna sun raina ƙanƙantar fim ɗinta, amma ita ce ta ba ɗan jarida ikon shiga kasuwa da fagen fama, inda akwati mai ƙafa uku ba ya zuwa. Da Bill Hewlett ya nace a ƙera masa na'urar lissafin injiniyoyi wadda za ta shiga aljihun riga, binciken kasuwa ya hana shi, ya ƙi hanuwa, HP-35 ta fito a 1972 a kan dala 395, cikin 'yan shekaru kuwa ta raba injiniyoyi da tsohon ma'aunin lissafinsu mai zamewa. Askar wanzami ba ta kai wuƙar mahauci girma ba, amma ba wanda ya taɓa cewa a yi ta da gurɓataccen ƙarfe saboda ƙanƙantarta, tun da aikinta ya fi bukatar kaifi da aminci.

Saboda haka abin da ya rinjaya a wurina shi ne, ƙaramin allo ya cancanci nau'in gwanaye, da sharaɗin a auna gwanintar da mizanin waɗanda suka riƙe shi tun zamanin GRiDPad da Palm. Bukatarsu sananniya ce. Suna son fuskar da ake karantawa da tsakar rana. Suna son jikin da zai jure zafi, domin Apple ya ƙayyade wa allunansa aiki tsakanin awo 0 da 35 na ma'aunin Salshiyas, kuma matuƙa sun san yadda allo yake ɗaukewa in rana ta gasa shi, balle mai aikin fili a Sakkwato ko Yamai cikin bazara, inda zafi yake haura 40. Suna son kariya daga ruwa da ƙura, wadda aka daɗe da ba wa wayoyi aka hana allunan Apple. Suna son na'urar gane wuri ta tauraron ɗan'adam a cikin kowane allo, maimakon a keɓe ta ga mai layin waya kamar yadda Apple ya saba. Suna kuma son batirin da zai kai su ƙarshen aikin yini, ko da za a ƙara wa allon kauri, domin siranta ado ce ga mai zama, amma mutuwar batir musiba ce ga wanda yake tsakiyar aiki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi a duniya, saboda haka hujjar zafi da batir ba ta rushe su ba. Kuma masu sayen irin wannan kaya kamfanonin jiragen sama ne da asibitoci da hukumomi, waɗanda suke saye da yawa suna biyan kuɗin aminci, saboda haka ba a kiyasta su da masu sayen ƙaramar waya. Shekara da shekaru waɗannan mutane suna ɗora rayukan fasinjoji da lafiyar majinyata a kan na'urar da aka ƙera domin hutawa a kujera, suna cike giɓinta da rigunan roba da fankoki da batiran aro. Haƙƙinsu ne a kan maƙera a ƙera musu tasu tun daga tushe, kuma kamfanin da ya fara sauke wannan haƙƙi da ihsani zai tarar masu saye sun riga shi zuwa kasuwa.